Ta Ina Salansa Za Ta Bi? Fashin Baƙi Kan Hanyar Hayaƙi a Motocin Kafin Yaƙin Duniya na Biyu

Masu farfaɗo da motocin da aka ƙera kafin 1939 suna da wata al'ada da ke ba ni takaici: salansa ce ƙarshen abin da suke tunawa da shi. Mutum zai kwance mota har noti na ƙarshe, ya kai inji wurin gwanaye, ya kankare tsatsar casis, ya zuba dukiya a kan fenti da kujerun fata, sai ana saura 'yan kwanaki a tayar da mota a ce a kirawo mai walda ya ja bututu daga inji zuwa baya. A ganinsu ai bututu ne kawai, duk inda ya samu hanya ya bi. Alhali kuwa babu wani abu a jikin motar da ya kai wannan bututu zafi da tsawo a lokaci guda, kuma hanyarsa ta ratsa tsakanin katako, da fetur, da sandunan birki, da aksil mai hawa da sauka. Abin da yake ɗauke da shi a ciki kuma guba ce mai kisa.

Don maganar ta tsaya a kan abu guda, zan ɗauki Ford Model A, ƙirar 1928 zuwa 1931. An fara nuna ta ga jama'a a Amurka a watan Disamba na 1927, an kuma ƙera fiye da miliyan 4.8, shi ya sa har yau tana cikin motocin wancan zamani da aka fi gyarawa. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 3.3, ƙarfin doki 40. Abin da ya shafe ta ya shafi yawancin sa'o'inta, ko da yake kowace ƙira tana da nata lungun.

Idan ka buɗe murfin injin Model A ta ɓangaren dama, a nan za ka tarar da komai ya taru. Manifol ɗin hayaƙi, wato ƙarfen zubin da ke tattara hayaƙin silinda huɗu ya haɗa shi wuri ɗaya, yana manne da gefen inji. A ƙarƙashinsa akwai manifol ɗin shigar da mai, an ɗaure su da juna da gangan don zafin na sama ya riƙa ɗumama fetur ɗin da ke bi ta na ƙasa. A ƙarƙashin wannan kuma kafireto ne, ƙirar Zenith, irin wanda ke zuƙar iska daga ƙasa zuwa sama. Tankin mai ba a baya yake ba, yana gaban direba ne, tsakanin gilashin gaba da inji, kuma babu famfon mai, fetur yana gangarowa ne da nauyinsa. Bakin manifol ɗin hayaƙi yana can ƙarshensa na baya, yana kallon ƙasa. Daga nan bututu ke sauka, ya lanƙwasa, ya shiga tukunyar salansa mai tsukakken baya wadda ke kwance ƙarƙashin ƙafafun fasinja, sannan wutsiyar bututun ta miƙa baya. A Model A bututun gaba da tukunya da wutsiya duk a haɗe suke, abu guda ne. Wurare biyu kacal ke riƙe da shi: zoben ƙarfe mai ɓari biyu da ke ɗaure shi da bakin manifol, da wani zoben da ke rataye wutsiyar a jikin casis.

Wannan zobe na baya shi ne inda mafi yawan sababbin shiga ke fara ɓata aiki, kuma da kyakkyawar niyya suke ɓatawa. Suna ganin bututu yana ɗan motsi a cikin zobe sai su ɗauka sako-sako ne, su ɗaure shi tamau, wasu ma su ɗiga masa walda. Ba a yi shi don ya shaƙe bututun ba, an yi shi ne don ya tallafe shi ya bar shi ya zame gaba da baya. Dalili shi ne ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi. Baƙin ƙarfe na yau da kullum yana ƙara kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyos. Ka ɗauki bututu mai mita biyu wanda zafinsa ya ƙaru da digiri 300, zai ƙara tsawon milimita bakwai da 'yan kai. Idan irin ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda masu gyara ke so yanzu, ƙarin zai kai wajen milimita goma, domin shi ya fi miƙewa. Wannan ne dalilin da ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarafan layin dogo. Idan an ɗaure wutsiya ba ta da inda za ta je, ƙarfin miƙewar nan ba ya ɓacewa, komawa yake yi gaba ya danne manifol.

Shi kuwa manifol ɗin Model A da ma yana da rauni sananne. Ƙarshensa na baya, wajen silinda ta huɗu, shi ke ɗauke da nauyin salansa, shi ne kuma inda hayaƙin silinda huɗun ke taruwa, don haka ya fi ko'ina zafi. Hayaƙin da ke fitowa daga bakin bawul yana iya kai digiri 600 zuwa 800 idan inji na aiki sosai. Ƙarfen zubi da ke shan wannan zafi shekara da shekaru, ga nauyi yana jan sa, a hankali yake sunkuyawa. Idan ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan ramuka huɗun tsohon manifol, sau da yawa za ka ga na huɗu ya sauka ƙasa da sauran. Daga nan fakin, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗin manifol da inji, ya daina rufewa, hayaƙi ya fara tsartuwa, a ji inji yana wani taf-taf idan yana sanyi. Akwai wasu ƙananan zobba da ake sa wa tsakanin ramukan inji da na manifol don su riƙe shi a saiti, kuma suna taimakawa, amma ba za su shiga manifol da ya riga ya sunkuya ba. Ga abin da ya sa wannan ya shafi hanyar bututu: idan bakin manifol ya karkace da ɗan kaɗan, kuskuren yana girma yayin da bututu ke tafiya baya. Karkatar da ido ba ya gani a gaba za ta iya zama 'yan santimita a wutsiya. Mutum sai ya yi ta zargin sabuwar salansar da ya saya, yana dukan ta da guduma, alhali laifin yana can sama. Don haka a fara da manifol. A auna shi, in ya sunkuya a sauya, sannan a haɗa shi da na shigar da mai a goge fuskarsu tare a kan injin gogewa, domin idan ɗaya ya fi ɗaya tudu ba za su taɓa zama daidai a jikin inji ba.

Zoben gaba shi ma yana da sama da ƙasa. Idan an kife shi ba ya matse leɓen bututu da bakin manifol yadda ya kamata. Ana ɗaure shi da notin tagulla saboda kada tsatsa ta kama shi ya ƙi kwancewa. Kuma ba aikin zobe ba ne ya jawo bututun da bai zauna ba. Leɓen bututu ya kamata ya hau bakin manifol daram tun kafin a sa zobe, ana tallafe da tukunyar da jak daga ƙasa. In sai an yi kokawa kafin ya haɗu, to an riga an ɗaura wa manifol wani nauyin da zai karya shi nan gaba.

Sai maganar motsi, wadda a ganina ita ce ta fi wuyar fahimta ga wanda ya saba da motocin yau. Mota irin wannan ba dunƙulallen akwati ba ce. Casis ɗinta dogayen ƙarafa biyu ne da aka haɗa da gicciyayyu, kuma yana murɗawa idan taya ɗaya ta faɗa rami, haka aka ƙera shi saboda hanyoyin karkarar Amurka na lokacin. Sifirin ɗin Ford a gicciye yake, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil ɗin baya tana cikin wani babban bututu da ke lilo daga bayan akwatin giya, ga kuma sanduna biyu da suka tashi daga jikinsa suka buɗe zuwa ƙarshen aksil dama da hagu. Duk wannan tarkace yana hawa yana sauka tare da tayoyin baya. Birkin ma ba na mai ba ne, domin Ford bai koma birkin mai ba sai a ƙirar 1939. Sandunan ƙarfe ne ke tashi daga wata sanda da ta gitta tsakiyar mota su tafi ga kowace taya, ban da na birkin hannu. Ke nan ƙarƙashin motar cike yake da dogayen abubuwa masu motsi, kuma ta cikinsu bututun hayaƙi zai ratsa ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba.

A nan ne babban tarko yake. Mafi sauƙin lokacin ɗaura salansa shi ne sa'ad da aka ɗauke bodi, casis yana tsirara, ana ganin komai daga sama. Amma a wannan hali sifirin ba ya ɗauke da nauyi, casis ya ɗaga sama fiye da inda zai zauna. Mai aiki zai ga tazara mai yawa tsakanin bututu da aksil ya ce ya gama. Ranar da aka ɗora bodi, aka zuba mai da ruwa, mutum huɗu suka shiga, sai casis ya sauko, tazarar ta tafi. Ramin farko da aka faɗa, aksil ko sandarsa ta daki bututu. Akasin haka ma yana faruwa ga wanda ya bi da bututu ta ƙarƙashin aksil: idan an ɗaga mota a jak tayoyi suka yi reto, aksil ya sauko ya zauna a kan bututun. Saboda haka ana gwada hanyar a hali uku, mota tana zaune da cikakken nauyinta, da sa'ad da sifirin ya danne iyakar dannewa, da sa'ad da ya saki gaba ɗaya. Wanda zai yi aikin a kan casis tsirara sai ya loda masa buhunan yashi ko siminti har ya sauko inda zai zauna da bodi. A kuma sa wani ya taka birki iyakar ƙarfinsa, ya ja na hannu, ana kallon sandunan daga ƙasa. Sandar birki da ke gugar bututu ba ƙara kawai take yi ba. Tana cinyewa, kuma zafi yana miƙar da ita, saitin birkin wannan taya ya bambanta da na sauran, mota ta riƙa fizga gefe guda.

Inji ma yana motsi, amma ba daidai ba a kowace mota. A Model A bayan inji kusan a ɗaure yake da casis, shi ya sa salansa mai marataya ɗaya tak ta wadatar. A 1931 kamfanin Chrysler ya fito da tsarin da ya kira Floating Power a motar Plymouth, inda inji ke zaune a kan roba yana girgiza shi kaɗai ba tare da ya girgiza fasinja ba, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Injin da ke rawa a kan roba yana buƙatar marataya masu sassauci, in ba haka ba bututun zai tsage a kusa da manifol. Masu Model A da yawa suna sauya mazaunin injinsu zuwa na roba don rage girgiza, su manta cewa sun sauya yadda salansa ke motsi. Haka wanda ya ƙara akwatin giyar gudu a tsakiyar mota, ko ya mai da birki na mai. Bututun man birki da ya bi kusa da salansa yana iya tafasa man da ke ciki, feda ta tafi ƙasa babu birki. Duk abin da aka sauya a ƙarƙashin mota, sai an sake duba hanyar hayaƙi daga farko.

Zafi kuwa, abin da ya sa ya fi haɗari a waɗannan motoci shi ne katako. Daɓen da direba da fasinja ke ɗora ƙafa a Model A katako ne. Bodin wasu ƙirarta masu ƙofa huɗu, waɗanda kamfanonin Briggs da Murray suka yi wa Ford, akwai katako da yawa a cikinsa. Motocin General Motors masu bodin kamfanin Fisher sun daɗe da ƙashin katako har tsakiyar shekarun 1930, haka ƙananan motocin Ingila irin su MG. Katako yana fara ƙonewa a wajen digiri 250 zuwa 300, amma wanda ya shekara yana shan zafi yana bushewa ya zama kamar gawayi, ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya kama, balle in ya sha baƙin mai. Tazarar iska ita ce kariya ta farko. Ta biyu ita ce faranti na ƙarfe tsakanin tukunya da katako, wanda bai manne da ko ɗayansu ba, iska tana bi ta samansa da ƙasansa. A da asbestos ake sa wa a irin waɗannan wurare. Wanda ya tarar da wani farin abu mai zare-zare manne da tsohon katako kada ya kankare shi a bushe, ƙurarsa tana jawo cutar huhu da daji, kuma akwai kayan zamani da ke yin aikinsa.

Fetur shi ne abokin gaba na biyu. Tun da mai yana gangarowa ne da nauyinsa, kafireton da allurarsa ba ta rufewa sosai zai yi ta ɗiga ko da inji a kashe yake, shi ya sa Ford ya sa makunnin rufe mai. Bakin iskar kafireton Model A yana kallon baya, wato wajen da bututun hayaƙi ke saukowa. Bututun da aka lanƙwasa ya matso gaba fiye da na asali yana kusantar wurin da fetur ke ɗiga. Fetur ɗin yau ma, musamman mai gaurayen etanol, ya fi saurin tafasa a cikin bututu, sai mota ta mutu a cunkoso da rana tsaka. Wani abin da ake mantawa shi ne zafin salansa ba daga hanyarta kaɗai yake ba. Model A da Model T, ƙirar Ford da ta gabace ta, suna da wata 'yar sanda a jikin sitiyari da direba ke saita lokacin tartsatsin fulogi da ita. Idan aka bar ta a makare ana tafiya, man yana fita yana ci da wuta, manifol ya yi ja jawur. Babu farantin da zai ceci katako daga direban da bai iya wannan sanda ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wato inda hayaƙin zai fita. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya. Ita ce ke kashe iyalai a cikin barci idan an kwana da janareta a ɗaki ko a lungun gida, labarin da muka sha ji a garuruwanmu. Motar zamani tana da na'urar tace hayaƙi, wadda ta zama ruwan dare a Amurka daga 1975. Injin 1930 ba shi da ita, abin da ya fito daga silinda shi ne zai fita daga wutsiya. A motoci da yawa na wancan zamani bututun gajere ne, yana ƙarewa a ƙarƙashin bodi. Ga daɓen katako mai ramukan feda da na sandar giya, ga ƙofofin da ba su da roba mai kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa waɗannan motoci tsaga a jikinsu ba ta ƙirguwa. Ban da haka, mota mai miƙaƙƙen baya tana barin wani gurbi na iska a bayanta idan tana gudu, hayaƙin da ya fita a nan yana juyowa ya bi ta. Buɗe tagar gefe yana rage matsin iskar cikin mota, sai ta zuƙo hayaƙin ta ƙasa ko ta baya. Waɗanda suka fi shan wannan su ne masu zama a kujerar nan ta waje da ke buɗewa a bayan ƙananan ƙirar, kuma galibi yara ake sa wa a can.

Akwai kuma na'urar ɗumama mota da ake sayarwa a lokacin don ƙasashe masu sanyi: murfi ne da ake kifawa a kan manifol, iska ta bi ta ciki ta ɗau zafi, ta shiga wurin fasinja ta wani rami. Idan manifol ya tsage ko fakin yana yoyo, hayaƙi take turawa kai tsaye cikin mota. Wanda ya gaji mota mai irin wannan, ko dai ya tabbatar da lafiyar manifol ɗin sosai, ko ya toshe ramin.

A wasu motocin matsalar ta fi ta Model A tsanani. Injin V8 da Ford ya fitar a 1932 hayaƙinsa yana ratsa cikin jikin inji kafin ya fito ta gefe, silinda biyu na tsakiya a kowane ɓangare suna tarayya a rami ɗaya, abin da ya sa injin ya yi suna wajen zafi. Hayaƙin ɓangaren hagu ana ratso da shi ne ta wani bututu zuwa dama su fita tare. Masu son raba shi gida biyu suna cin karo da akwatin sitiyari da fedoji a hagu. Motocin da aka yi don Ingila da ƙasashen da ta mallaka kuwa sitiyarinsu a dama yake, wato a Model A ya faɗo ɓangare ɗaya da manifol da kafireto. Nijeriya ba ta koma tuƙi a gefen dama na hanya ba sai a watan Afrilu na 1972, don haka tsohuwar motar da za a tarar a ajiye a ƙasar nan tun zamanin Turawa mai yiwuwa mai sitiyarin dama ce, kuma kada a ɗauka kayan da aka yi don kasuwar Amurka za su shige ta ba tare da gwaji ba. Manyan motocin masu kuɗi irin su Mercedes-Benz SSK, da Duesenberg SJ, da Auburn 851 ta 1935, da Cord 812 ta 1937, sun fito da bututunsu ta gefen murfin inji, suna ƙyalli a waje. Ado ne, amma yana kuma fitar da zafi daga ɗakin inji. A filin tseren Brooklands na Ingila, koken maƙwabta kan ƙara ya sa daga 1924 aka wajabta wata irin tukunya da wutsiya mai faɗi kamar ta kifi, har ta zama alamar motocin tseren ƙasar. Wanda ke gyaran irin waɗannan ba shi da zaɓin hanya, domin bututun wani ɓangare ne na fuskar motar.

Game da kaurin bututu, ana yawan cewa tsohon inji yana son a ɗan toshe masa hanya. Ba toshewa yake so ba. Abin da ke faruwa shi ne bututun da ya yi faɗi da yawa yana rage gudun hayaƙi, ya huce da wuri, ƙaramin inji mai juyi a hankali ba ya amfana da komai, sai ƙarin nauyi a kan manifol da ƙarancin wuri a ƙarƙashin mota. Wanda ya tsuke kuma, ko wanda aka lanƙwasa ya lotse a gwiwa, yana riƙe zafi ya mai da shi kan bawul. Kaurin asali shi ne daidai ga injin da ba a sauya ba. Idan babu injin lanƙwasa mai kyau, tsohuwar dabara tana nan: a cika bututu da busasshen yashi, a toshe bakinsa, a gasa gwiwar a lanƙwasa a hankali. Yashin dole ya bushe ƙayau, domin mai laima yana zama tururi ya fasa. Kafin a taɓa bututu mai tsada, a fara fitar da siffar hanyar da sandar waya mai kauri, a gwada ta a jikin mota.

Ruwa ma yana da nasa hukuncin a kan hanya. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. A doguwar tafiya yana fita da hayaƙi. Amma motocin tarihi yawanci tayar da su ake yi na minti kaɗan a kashe, tururin ya koma ruwa ya kwanta a ciki, salansa ta ruɓe daga ciki tana sheƙi a waje. Hanyar da ta yi kwari a tsakiya tana tara wannan ruwa. A bar bututu ya ɗan gangara zuwa baya, in kuma dole ya haura aksil, a huda ɗan ƙaramin rami a mafi ƙasan tukunya.

To ina za a tsaya tsakanin bin asali da kare rai? Ƙungiyoyi biyu na masu Model A a Amurka, MARC da MAFCA, suna da kundin ƙa'idoji na haɗin gwiwa da alƙalai ke auna mota da shi a wurin gasa, kuma zane-zanen kayan Ford na asali suna ajiye a cibiyar bincike ta Benson Ford da ke Dearborn a jihar Michigan. Ra'ayina shi ne hanyar da kamfani ya bi ita ce abin farawa a kullum, ba don tsufanta ba, sai don an gwada ta a kan miliyoyin motoci da munanan hanyoyi. Tsohon casis ma yana ba da shaida: ramukan marataya suna nan, tabon zafi yana nan a jikin katako, don haka a ɗauki hoton tsohuwar salansa kafin a yanke ta, kuma kada a jefar da ita sai sabuwa ta zauna. Inda nake goyon bayan kauce wa asali wuri biyu ne kawai, ƙara faranti tsakanin zafi da katako ko fetur, da tsawaita wutsiya ta wuce bodi idan motar rufaffiya ce kuma za a riƙa ɗaukar mutane a ciki. Duka biyun ana iya yin su da noti ba da walda ba, ba tare da huda sabon rami a casis ba, ta yadda mai zuwa gasa zai kwance su cikin minti kaɗan. Makin alƙali bai kai numfashin yaron da ke kujerar baya ba. Ƙarin wutsiyar sai dai a ba shi nasa marataya mai sassauci, kada nauyinsa ya koma kan zoben asali.

Wajen ɗaurawa, a rataye komai sako-sako tukuna, a fara ɗaurewa daga manifol a nufi baya. A tayar da inji a fili, ba a cikin rufaffen gareji ba. Yana sanyi a ɗan danne bakin wutsiya da tsumma na daƙiƙa kaɗan, duk inda ke yoyo zai yi huci, baƙin tabo a gefen mahaɗi kuma alama ce ta yoyon da ya daɗe. A yi wa bututu alama da alli daidai bakin zoben baya, bayan tafiya a duba ko alamar ta gusa. In ba ta gusa ba, zoben ya matse da yawa. Idan inji ya huce a sake ɗaure notin manifol da na zoben gaba, a maimaita bayan tafiya ta biyu da ta uku, domin sabon fakin yana kwanciya. Sannan a sayi ƙaramar na'urar gano kabon monoksayid mai batir, irin wadda ake maƙalawa a ɗaki, a ajiye ta a kujerar baya, a yi tafiya da tagogi a rufe, a sake yi da tagar direba kaɗai a buɗe.